Rasuwar Baba Gurnani, Mai Tsaron Allurar Kurciya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun da ya yi yaushi don matsar tsumma, Maman Kurciya, tela mai ɗinki a ɗaki na biyu hannun hagu idan an shigo gidan haya mai baƙin ƙyaure, a madadin mai gidanta da ke kan hanya da babbar mota, da 'yarsu Kurciya mai shekara biyar, tana sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar firjinsu, wanda aka fi sani da Baba Gurnani. Ya cika ranar Talata da misalin ƙarfe ɗaya da rabi na rana, a tsaye a kusurwar falo inda ya saba tsayawa, bayan jinyar wata uku. Ya rasu yana bakin aiki. Akwai kwalabe huɗu na allurar yarinya a cikinsa.

Ba wanda ya san shekarun marigayin daidai. Maman Kurciya dai ta buɗe ido ta gan shi a shagon mahaifinta yana sanyaya ruwa da lemo, tun kanta bai kai mariƙin ƙofarsa ba. Da Allah ya yi wa tsohon cikawa aka zo rabon kaya, yayyenta maza suka dubi firjin, suka dubi tsatsar ƙafarsa, suka ce a bar wa auta. A kan amalanke aka kawo shi gidanta, an ɗaure shi da igiya kamar ragon da ya ƙi tafiya.

Darajarsa ba ta fito ba sai ranar da aka dawo da Kurciya daga asibiti tana da shekara uku, ta rame sai idanu, likita ya ce ciwon suga ne irin na yara, kuma ita da allura sai dai mutuwa ta raba. Nas ɗin da ta koya wa uwar yin allurar ta riƙe mata hannu ta ce, "Ƙanwata, kina da firji?" Ta ce akwai wani tsoho. Nas ta ce, "To ki girmama shi. Maganin nan sanyi yake so, amma ba ƙanƙara ba. Hawan tsakiya za ki sa shi. Ba a ƙofa ba, ba a sama ba. In ya sha zafi ya lalace, kuma ba zai gaya miki ya lalace ba." Asibitin kuwa sau ɗaya yake ba da maganin duk wata uku. A ba ka naka, ka je ka san yadda za ka yi da shi.

Tun daga ranar marigayin ya tashi daga kayan ɗaki ya koma babba a gida. Aka kafa masa doka: ba a buɗe shi fiye da sau huɗu a yini, kuma mai buɗewa ya san abin da ya zo ɗauka tun kafin ya kama ƙofa. Mai gida da kansa ya sha faɗa a kan tsayawa tunani a bakin firji. Shi kuwa marigayin ya riƙe amana. Idan aka ɗauke wuta, yakan kame bakinsa ya riƙe sanyinsa awa tara cur. Uwar ta sha aunawa da ma'aunin zafin da ta rataye a cikinsa. Bai taɓa daskarar da kwalba ba, bai taɓa barin ta ta yi ɗumi ba. Ba za a ce ba shi da aibu ba, don ba a yi wa mamaci ƙarya: robar ƙofarsa ta saki har sai da aka yi masa ɗamara da robar tayar keke, ƙafarsa ta hagu guntuwa ce an tokare ta da fasasshen tayil, kuma yakan ɗan ja mutum idan aka taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu. Amma wane dattijo ne ba shi da halinsa?

Surutu bai dame shi ba. Maganarsa uku ce duk tsawon rayuwarsa. Idan zai fara aiki ya ce "ƙyas". Idan aiki ya kankama ya ce "gurrrr", a hankali, kamar tsohon da ya soma gyaran murya bai gama ba, kuma daga nan ne Kurciya ta raɗa masa suna. Idan ya gaji ya ce "kaf-kaf-kaf", ya girgiza gorunan ruwa, ya yi shiru. Uwar tana taka keken ɗinki, amma kunnenta ɗaya kullum yana wurinsa.

Marigayin yana da amini guda a waje: wani dattijo, ma'aikacin hukumar lantarki, da duk layin ke kira Mai Tsani. A saman falwayar da ke bakin layi, kusa da taransifoma, akwai mahaɗar wata waya da masu aikin ke ce wa nutural, wadda ita ce ke sa wuta ta rabu wa gidaje daidai wa daida. Mahaɗar nan tana da lalura: duk bayan ruwa da iska sai notinta ya saki. Ba a rubuta wannan a kowace takarda ba. Yana cikin kan Mai Tsani ne kawai, sai kuma jan ƙyallen da yake ɗaurewa a wurin, don ko wani abokin aikinsa ne ya hau ya san inda ciwon yake. Duk wata biyu sai ya jingine tsaninsa a ƙofar gida ya yi sallama: "'Yata, a taimaka wa tsoho da jan ƙyalle, rana ta cinye wancan." Ta zaro masa daga kwandon ragowar yadi. Ya hau, ya ɗaure noti, ya ɗaure ƙyalle, ya sauko ya sha ruwan sanyi daga cikin marigayin, ya dafa shi ya ce, "Wannan tsohon ya fi ni ƙarko." Wutar ba kullum take zama ba, gaskiya, amma idan ta zo da ladabi take zuwa.

Jinyar daga rediyo ta faro. Aka yi ta shela cewa an yi wa harkar lantarki garambawul: an yanka tsohuwar hukuma gunduwa-gunduwa, wani kamfani ya ɗauki samar da wuta, wani manyan wayoyi, wani falwayoyi da taransifoma, sannan an buɗe kasuwa ga masu sayarwa, kowa ya zaɓi wanda zai saya a wurinsa. Aka ce gasa ce, kuma idan 'yan kasuwa suna gasa mai saye ne da dariya. Maman Kurciya ba ta musa ba. Ta san gasa: teloli huɗu ne a layin, shi ya sa take gama ɗinki ranar da ta ce.

Sai ga masu sayarwa. Wata mai shuɗiyar hula ta zo da safe ta ba ta laima. Wani mai koriyar hula ya zo da yamma ya ba ta kalanda. Rannan suka yi kiciɓis a ƙofar ɗakinta, kowa da takardarsa.

"Anti, mu wutarmu ba ta da hayaniya," in ji mai shuɗiyar hula.

"Ƙyale ta, Anti, su jiya aka haife su," in ji mai koriyar. "Mu har saƙon barka da asuba muke turowa."

Ta ajiye almakashi ta ce, "Ƙannena, tambaya ɗaya gare ni. Waye a cikinku zai riƙa hawa yana ɗaure notin can?"

Suka dubi inda take nunawa, suka dubi juna. A karon farko bakinsu ya zo ɗaya: "Ai wannan ba ɓangarenmu ba ne."

Ta zaɓi masu shuɗiyar hula, don laima ta fi kalanda amfani.

A watan ne aka sallami Mai Tsani, aka ce shekarunsa sun wuce sabon tsari, aka karɓe tsanin. Kamfanin falwaya ya turo masu fenti, suka ga tsumma a sama suka ce ƙazanta ce, suka yanke. Da yake falwayar a kan iyakar shiyya biyu take, ayarin gabas suka rubuta mata lamba a fuskarta ta gabas, ayarin yamma suka rubuta mata wata a ta yamma. Ta wayi gari da suna biyu, ba uba ko ɗaya.

Bayan ruwan farko alamu suka bayyana. Ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa, can kuma ya yi fari fat har ido ba ya iya kallo. Fanka ta riƙa gudu kamar za ta tsinke ta fice ta taga. Marigayin ya soma wata magana da ba a san shi da ita ba: "ƙyas... ƙyas... ƙyas", sau uku, sau huɗu, gurnanin ya ƙi kamawa.

Iyali ba su yi sakaci ba, a shaida wannan. Uwar ta buga wa masu shuɗiyar hula waya, wata murya ta ce ta danna ɗaya, ta danna biyu, ta saurari kiɗa har ta gama kalmasa siket guda, sannan aka ce su wuta suke sayarwa, ba ruwansu da waya. Ta je ofishin falwaya na gabas, aka duba kwamfuta aka ce lambar yamma ce ta fara shiga. A ofishin yamma aka ce ai taransifomar gabas take kallo. Wani magatakarda mai fara'a ya ba ta takarda ta cike, ta rubuta "noti ya saki". Ya karanta ya ce babu wannan a jeri, ta zaɓa, ko "babu wuta" ko "wuta ta yi ƙasa". Ta ce ai yawa wutar take yi. Ya ce, "To, Madam, ashe ke ce da riba."

Mai Tsani ya zo, ba tsani, hannu a baya, ya tsaya a gindin falwaya yana kallon sama kamar mai duban hadari. Ya ce, "'Yata, ina hango shi daga nan. Juyi uku ne na sifana. Amma in na hau yanzu, sunana ɓarawon waya. Ki bar ƙwai ɗaya a kunne ko da rana ne. Kika ga ya yi fari, ki cire tsohon daga soket, kada ki tsaya neman takalmi." Haka ta yi wata uku. Ta juya keken ɗinki ya fuskanci ƙwan, ido ɗaya a kan yadi, ɗaya a sama. Ta cire, ta mayar. Ta cire, ta mayar.

Tun yammacin Litinin babu wuta, da ta dawo Talata da safe kuma da hauka ta dawo, don haka marigayin a cire ya yini. Awa taransa ta daɗe da ƙarewa. Ƙarfe ɗaya uwar ta leƙa ma'auni ta ga ya haura layin da nas ta ja mata. A daidai lokacin ƙwan ya natsu, kuma lokacin ɗauko Kurciya daga makaranta ya yi, ita kuwa ba yarinyar da ake bari ta jira abinci ba ce. Gaba kura, baya siyaki. In ta bar shi a cire magani zai dahu, in ta jona ba mai gadin ƙwai. Ta yi tunanin barin makulli wurin maƙwabciyarta mai kitso, ta leƙa ta ga hannunta tsundum cikin kan mutane, ta ji nauyi. Ta jona. Ya ce "ƙyas", ya ce "gurrrr", lafiya lau, kamar mai cewa je ki dawo. Minti ashirin ne zuwa da dawowa.

Mai kitso, wadda bango ɗaya ya raba su, ita ta ji ƙarshensa. Ta ce gurnanin ya yi sama, ya ƙara yin sama, ya koma wani siririn kuka da ba ta taɓa ji ba, sai "fat!" Sai shiru. Da uwar ta buɗe ƙofa, warin ƙonanniyar waya ya tare ta. Kurciya ta toshe hanci ta ce, "Mama, Baba Gurnani ya yi tusa." Uwar ba ta yi dariya ba.

Mai gyaran firji ya zo, ya durƙusa a bayansa, ya shinshina, ya ɗora mitarsa, ya tashi ya karkaɗe gwiwa. "Kwamfaresa ta ƙone ƙurmus, Maman Kurciya. Irin tasa kuma an daina yi tun ina koyon aiki. Sai haƙuri. Yau shi ne na bakwai a layin nan." Marigayin bai tafi shi kaɗai ba. Tare da shi aka rasa injin mai aski, da talabijin ɗin mai gidan haya, da duk wani firji da ke kan taransifomar, har da na mai kemis, inda uwar ta nufa da gudu da kwalabe a jaka. Ta same shi a ƙofar shago yana yi wa nasa magungunan fifita da kwali. Ta juyo gida da kwalabenta.

Marigayin ya rasu ya bar kwalabe huɗu na allura, ɗaya a buɗe, uku ba a taɓa ba, waɗanda su ne guzurin Kurciya na sati goma sha ɗaya. Ya bar ma'aunin zafi guda, gorunan ruwa shida, rabin kabeji, da zanen kyanwa mai ƙafa biyar da aka manna masa a ƙirji. Ya bar sitabilaiza mai daidaita ƙarfin wuta, wanda aka ɗauka musamman don ya tsare shi, ya kuma fito daga wannan masifa ko ƙwarzane babu, fitilarsa tana ci. Iyali sun bar shi da Allah. Ya bar mai gida, wanda ya ji labari ta waya daga wani garejin da ke tafiyar kwana tara daga gida, ya ce, "Kurciya fa? Ta ci abinci?" Ya bar yarinyar da take ɗaga rigarta da kanta idan lokacin allura ya yi, ba ta kuka, sai dai ta ce a bari ta ƙirga uku.

An karɓi gaisuwar masu shuɗiyar hula ta saƙon waya, suna godiya da ta zaɓe su, suna tambaya tauraro nawa za ta ba su. Mai koriyar hula da kansa ya zo, ya cire hular, ya dubi gawar ya ce, "Allah sarki, Anti. Da mu kika zaɓa..." Ta ja shi bakin taga ta nuna masa wayar da ta shigo gidan. "Guda nawa ka gani?" Ya ce ɗaya. "Taku wutar ta ina za ta biyo?" Ya bar mata kalanda ta biyu. Kamfanin falwaya ya zo Laraba ya canza fiyus, wuta ta dawo. Notin yana nan yadda yake, don ba ya cikin takardar aiki. An ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Yanzu masu cin ladan biyar ne, kuturu yana nan da gashinsa.

Uwar ta koma asibiti. Nas ta ce ba ta da ko kwalba ɗaya da babu sunan wani yaro a kai, sai zagaye na gaba. "Ƙanwata, riƙe su da sanyi ko ta halin ƙaƙa. In kika ga suga yana hawa bayan allura, ki kawo mini ita, kada ki jira."

Saboda haka marigayin bai huta ba ko bayan rasuwa. An kwantar da shi rigingine a tsakiyar falo, ƙofa tana kallon sama. Kullum da safe uwar tana zuwa bakin kasuwa ta ɗauko dunƙulen ƙanƙara ta sa a cikinsa, ta naɗe kwalaben da tawul a cikin roba mai murfi don kada su taɓa ƙanƙarar, ta rufe, ta lulluɓe shi da bargon mai gida. Ko a mace yana riƙe sanyi har ƙarfe huɗu. Daga nan kuma sai jiƙaƙƙen tsumma da addu'a, don da yamma babu ƙanƙara a kasuwa ko ta rantsuwa. Jiya ma rabi aka ba ta, masu kifi sun riga ta.

Yau kwana huɗu. Da safiyar nan uwar ta huda yatsan Kurciya don auna suga, lambar ta fito sama da yadda ta saba. Ko biskit ɗin da wata ta ba ta a makaranta ne, ko kwalbar ce ta lalace a tsaye, ba ta sani ba. Ta ɗaga kwalbar a hasken taga, ta juya ta, ta sake juyawa: garau take, kamar ranar da aka ba ta. Kurciya tana zaune a kan gawar tana kaɗa ƙafa, ta ce, "Mama, yaushe zai tashi?" Uwar ta ce ta sauko, ba a zama a kan manya.

Game da jana'iza, ba za a yi ta yau ba, ba kuma gobe ba, don ana bukatar gawar. Ana roƙon 'yan gwangwan masu sayen tsoffin ƙarafa da ke shawagi a ƙofar gida tun Laraba kamar ungulaye da su ja da baya. Za a riƙa karɓar gaisuwa a ɗaki na biyu hannun hagu daga ƙarfe uku na yamma. Mai zuwa kada ya wahalar da kansa da dogon jawabi ko kwanon abinci. Ya riƙo ƙanƙara, ko guntuwa ce, a naɗe. Kuma don Allah kada a ba yarinya komai, ko ta roƙa, ko ta yi murmushi.

Ranar da kwalaben suka sami masauki, a ranar za a ɗora marigayin a kan amalanke, yadda ya zo, a kai shi gindin falwayar bakin layi, a jingine shi tsakanin lambar gabas da ta yamma. Duk shiyyar da ta ce ya tare mata hanya, to falwayar tata ce. Mai Tsani ne zai jagoranci ayari. Maman Kurciya ta yanka sabon jan ƙyalle ta kalmashe bakinsa don ya jure rana, yana aljihun tsohon tare da sifana. Ana gargaɗin mazan layi kada wanda ya hau da sunan taimako, don ba ta da ƙarfin rubuta sanarwa ta biyu. Duk kamfanin da ya aiko mutum da tsani da izini, tsohon zai nuna masa wurin daga ƙasa. Juyi uku ne.

Abu na ƙarshe, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, shi ne dalilin wannan takarda. Duk wanda sanarwar nan ta iske, yake da firji mai rai a kan wata taransifomar, inda ƙafa za ta iya kaiwa, ana neman aron wuri a hawan tsakiya. Ba a ƙofa ba, ba a sama ba. Za ta zo da robarta mai murfi. Ba za ta taɓa kayan kowa ba, ba za ta tsaya tunani a bakin firji ba, kuma duk ɗinkin gidan, daga maɓalli har labule, ya dawo wuyanta. Wurin ba shi da yawa. Ta auna da tef: inci shida a tsaye, inci huɗu a kwance.

Allah ya jiƙan wanda ya ba ta wannan wurin shekara biyu bai taɓa goranta mata ba. Ƙanƙarar yau ƙarfe huɗu za ta ƙare.